Zanen aro ba ya rufe katara: darasin ƙungiyar Reluwe ta Legas

In ka zauna a fadar samari, a Maraɗi ko a Damagaram, ana zuba shayi ana gardamar ƙwallo, ka jefa musu wannan tambaya: a tarihin gasar cin kofin Najeriya, wadda aka fara tun 1945, wace ƙungiya ce ta biyu wajen yawan ɗauka? Wani zai ce Enyimba ta Aba, wani ya ce Rangers ta Inugu, mai ƙaunar Kano kuwa ya rantse Pillars ce. Dukansu sun faɗi. Bayan ƙungiyar Ibadan da aka sani yau da Shooting Stars, wadda ake lasafta mata kofi 8 in an haɗa da tsofaffin sunayenta, ta biyu ita ce ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Legas, Lagos Railways a bakin masu ita, Reluwe a bakin Bahaushe. Sau 7 ta ɗauka: 1946, 1948, 1949, 1951, 1956, 1957 da 1964. Rangers, duk da girman sunanta, 6 gare ta.

Fiye da shekara 60 ke nan rabon Reluwe da kofi, kuma yau ko sunanta ba a ji a babbar gasar ƙasar. Ƙungiyar da ta ba Najeriya taurarinta na farko ta ɓace daga sahun manya ba tare da an yi mata ko zaman makoki ba. Ra'ayina a kan dalilin haka gajere ne: Reluwe ta tsaya da ƙafar ma'aikatar da ta haife ta, ba ta taɓa koyon tsayawa da ƙafarta ba, saboda haka da ma'aikatar ta durƙusa ita ma sai ta durƙusa. Ya mai karatu, ko kai ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ina roƙonka ka biyo ni cikin wannan tarihi, don kuwa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Jirgin da ya ɗauki gyaɗarmu

Ba za a gane ƙarfin ƙungiyar ba sai an gane ƙarfin ubangidanta. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901. A 1911 jirgi ya shiga Kano ta layin da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1912 kuma aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Daga baya reshe ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, na Maiduguri ya kammala a 1964. Tsawon layukan duka ya kai kilomita 3,500 da ƴan kai, hedikwatar kuwa tana Ibute Meta a cikin Legas, inda manyan ma'aikatun gyaran kawunan jirgi da taragu suke.

Mu mutanen kudancin Nijar wannan jirgi ba baƙonmu ba ne, ko da yake bai taɓa taka ƙasarmu ba. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar Maraɗi, Tasawa, Matamai da Magarya, a kan jakuna da raƙuma da farko, daga baya a manyan motoci, Kano take nufa, inda attajirai irin su Alhassan Ɗantata suke tara buhuna dala-dala, daga can taragu su kwashe ta zuwa bakin teku a Legas. Faransawa ba su ji daɗin ganin arzikin mulkinsu yana bin hanyar Ingilishi ba, shi ya sa a 1953 suka ƙirƙiro tsarin nan da aka kira Hirondelle don karkatar da wani kaso na gyaɗar zuwa Faraku da Kwatano. To, kuɗin dakon gyaɗa da auduga da kuza da kwal su ne suka cika asusun hukumar jirgi, daga wannan asusu kuma ake biyan albashin samarin da suka sa rigar Reluwe. Ashe ko manomin Gazawa yana da ɗan rabonsa a kofunan nan, bai dai sani ba.

Hukumar jirgi ita ce uwar ma'aikatu a Najeriya ta wancan zamani. A shekarun ƙarfinta ma'aikatanta sun kai wajen 45,000. Su ne kuma ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago: babban yajin aikin da aka fara a watan Yunin 1945, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40 ana neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, shugaban ma'aikatan jirgi, Michael Imoudu, shi ne jigonsa. Waɗanda suka bi ta makarantar Faransanci a cikinmu za su tuna da takwaransa na wajenmu, yajin aikin layin Dakar-Neja na 1947 zuwa 1948, wanda Sembène Ousmane ya gina shahararren littafinsa a kansa. Ko'ina a Afirka ta Yamma ma'aikacin jirgi shi ne mutumin da ya fara sanin albashin wata, agogo, ƙungiya da katin zama ɗan ƙungiya. Ba abin mamaki ba ne ƙwallo ya samu gindin zama a wajensa.

Albashi da ƙwallo

A Legas ta shekarun 1940 manyan ƙungiyoyin ƙwallo kusan duk na ma'aikatu ne: ta ma'aikatar jiragen ruwa da ake kira Marine, ta ƴan sanda, ta ma'aikatar ayyuka, ta kamfanin UAC, daga baya ta hukumar wutar lantarki. A takarda ƴan wasan duka masu sha'awa ne kawai, ba wanda ake biya don buga ƙwallo. A zahiri kuwa kowa ya san yadda abin yake. In aka ga yaro mai ƙafa, sai a ba shi aikin akawu ko a sa shi koyon sana'a a ma'aikatar gyara, a sauƙaƙa masa aiki, a sake shi da wuri ya je atisaye. Albashin nan shi ne kwantiraginsa. Ƙwallon neman abinci ya fara a Najeriya da daɗewa kafin hukuma ta amince da shi a 1990, sai dai ya fara ne sanye da rigar ma'aikaci.

A irin wannan kasuwa wanda ya fi guraben aiki shi ya fi ƴan wasa, kuma ba wanda ya kai hukumar jirgi gurabe. Bugu da ƙari tana da abin da sauran ba su da shi, wato ido a ko'ina. Duk inda layi ya ratsa, Fatakwal, Inugu, Kafanchan, Jos, Zariya, akwai ma'aikatanta da suke ganin yaran gari suna wasa, akwai kuma jirgin da zai kawo yaro Legas cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa in ka duba sunayen ƴan wasan Reluwe za ka ga ƴan Yamma da ƴan Gabas da ƴan bakin ruwa a jere, tun Najeriya ba ta san kanta a matsayin ƙasa ɗaya ba.

Akwai wanda ya hango haɗarin wannan tsari tun da wuri. A 1938 Nnamdi Azikiwe ya kafa ƙungiyarsa ta wasanni, Zik Athletic Club, don samarin Afirka su samu wurin wasa wanda ba ya ƙarƙashin wata ma'aikatar Bature. A nasa ganin, ƙungiyar da shugaban ma'aikata yake riƙe da makullinta ba za ta zama ta jama'a ba. Amma albashi ya fi huɗuba ƙarfi, kofuna kuwa suka ci gaba da tafiya inda albashi yake.

Shekarun ɗaukaka

Gwamna Arthur Richards ne ya ba da kofin a 1945, shi ya sa aka fara kiransa Kofin Gwamna. Marine ta ɗauki na farko. Shekara ɗaya bayan babban yajin aiki, a 1946, Reluwe ta doke Fatakwal da ci 3 da nema ta ɗauki na biyu. A 1947 Marine ta kayar da ita a wasan ƙarshe, ta dawo ta ɗauka a 1948 da 1949. Wato shekara huɗu a jere ba a yi wasan ƙarshe ba tare da ita ba.

A 1949 ɗin nan ne Najeriya ta haɗa tawagarta ta farko, mutum 18, suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw ɗan Marine ne, akwai kuma John Dankaro daga Jos, amma ba ƙungiyar da ta kai Reluwe yawan mutane a cikinsu: Sam Ibiam mai tsaron gida, Peter Anieke, Sokari Dokubo, Titus Okere, da wanda sunansa ya fi na kowa tashi, Teslim Balogun, da ake yi wa laƙabi da Thunder, wato aradu, saboda ƙarfin bugunsa. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, sai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi. A wasansu na farko, kusa da Libaful, suka ci wata ƙungiyar Ingila mai suna Marine 5 da 2. Wasa 9 suka yi, suka ci 2, suka yi kunnen doki a 2, aka ci su 5. A hanyar komawa gida suka tsaya Firitawun, ranar 8 ga Oktoba, suka ci Saliyo 2 da nema, wanda shi ake ƙirgawa wasan farko na Najeriya da wata ƙasa. Titus Okere ya koma Ingila a 1953 ya sa hannu da Swindon Town, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi ƙwallon neman kuɗi a Turai.

Wasan ƙarshe na 1951 shi ne wanda tsofaffin Legas suka daɗe suna ba da labarinsa. Balogun ya riga ya bar Reluwe ya koma Jos, kuma da Jos ɗin aka haɗu. Mutanen tudu suka shiga gaba da ci 2 da nema, har ana ganin kofi zai hau jirgi zuwa Arewa a karo na farko, sai Reluwe ta farke duka biyun ta ƙara na uku kafin a tashi. Arewa ta jira har 1953, da Kano ta doke Dynamos ta Legas 2 da 1. Reluwe ta sake ɗauka a 1956, a 1957 kuma ta lallasa Zariya 5 da 1.

Tafiyar Balogun kanta tana da abin lura. Daga Reluwe ya je Jos, daga Jos ya koma wata ƙungiyar banki a Legas ya ci kofi da ita a 1952, daga baya ya tafi Ingila ya yi wasa a Peterborough da Queens Park Rangers, ya dawo Ibadan. Yana cikin masu horar da tawagar Najeriya a wasannin Olamfik na Meziko a 1968, ya rasu a 1972, yau kuma akwai babban filin wasa da sunansa a unguwar Surulere ta Legas. Ɗan wasa yana bin inda aka fi kyautata masa, haƙƙinsa ne kuwa. Abin da ke riƙe ƙungiya bayan tauraro ya tafi shi ne jama'ar da ke ganin ƙungiyar tasu ce, su biya, su zaɓi shugabanni, su tuhume su. Reluwe tana da ƴan kallo masu yawa, amma masu ita su ne manyan hukumar jirgi.

Yadda inuwa ta gushe

Shekarar 1964 ta haɗa abubuwa uku. A cikinta layin Maiduguri ya kammala, a cikinta jirgin Najeriya ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, a cikinta kuma Reluwe ta doke Jos ta ɗauki kofinta na 7. Ba wanda ya san cewa na ƙarshe ke nan.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka tarwatsa ma'aikatan jirgi, waɗanda da yawansu ƴan Gabas ne, suka kuma lalata layin Gabas. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kan kwalta, tirela da gingimari suka ƙwace dakon kaya. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, waɗanda mu ma muka ɗanɗana, suka rushe dalar gyaɗar Kano. A 1974 fasinjojin jirgi ba su kai miliyan 4 da rabi ba, kaya kuma ya sauko zuwa tan miliyan 1 da kaɗan. Aka ɗauko ƙwararru daga Indiya a ƙarshen shekarun 1970 su gyara tafiyar hukumar, suka yi ƴan shekaru suka tafi. A 1988 hukumar ta karye. Zuwa farkon shekarun 2000 ma'aikata 45,000 ɗin nan sun koma ƙasa da 7,000.

Ma'aikatar da ke sallamar direbobin jirgi da makanikai ba za ta ɗauki akawun da aikinsa buga ƙwallo ba. Da guraben aiki suka ƙafe, yara masu ƙafa suka nufi wasu wurare: Stationery Stores, wadda ɗan kasuwa Israel Adebajo ya kafa a 1958 ta kuma zama abar ƙaunar talakawan Legas, da ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi, da na bankuna da kamfanonin inshora. Da aka fara babbar gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauka, Reluwe kuwa ba ta taɓa ɗaukarta ba ko sau ɗaya. Ba a ji ƴan kasuwar Ibute Meta sun yi karo-karo don ceton ta ba. Ba za a ga laifinsu ba, don ba a taɓa ba su kujera a cikinta ba.

Waɗanda suka tsira

Wani zai ce ai ƙaddarar duk ƙungiyar jirgi ke nan. Tarihi bai yarda ba. Manchester United, wadda rabin fadojinmu ke mutuwa a kanta, ma'aikatan gyaran taragu ne suka kafa ta a 1878 da sunan Newton Heath. Ta rabu da kamfanin jirgin tun kafin ƙarni ya ƙare, a 1902 kuma bashin fam 2,670 ya kusa binne ta. Kyaftin ɗinta ya nemo attajirai huɗu na garin, kowa ya zuba fam 500, aka sauya mata suna ta ɗauki sunan birnin. A Yurugwai, ma'aikatan wani kamfanin jirgi na Ingilishi suka kafa ƙungiya a 1891. A 1913 sashen ƙwallo ya fita daga hannun kamfanin ya ɗauki sunan unguwarsu, Peñarol, wadda ta zama ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Kudancin Amurka a 1960. A Ajantina, Rosario Central ta fito daga ma'aikatar jirgi a 1889, ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba ma'aikata ba a 1903, ta ƴantu daga kamfanin a 1925. Da gwamnatin ƙasar ta rufe yawancin jiragen fasinja na nesa a farkon shekarun 1990, ƙungiyar ba ta ko girgiza ba, don masu kati ne ke riƙe da ita.

Gaskiya ne akwai waɗanda har yanzu suke jingine da jirgi kuma suna nan da ransu. Lokomotiv ta Mosko, zakarar Rasha a 2002, 2004 da 2018, tana hannun kamfanin jirgin ƙasar, haka ma ƙungiyoyin Ferroviário na Maputo da Beira a Mozambik. Amma wannan bai rushe maganata ba. Jiragen Rasha da na Mozambik suna dakon kwal da ma'adinai suna samun kuɗi. Ranar da asusun ya bushe, za a gani ko suna da wata ƙafa.

Kada kuma attajiri ya ce to a bar masa shi kaɗai. Najeriya ta gwada wannan. Abiola Babes ta Alhaji Moshood Abiola ta ɗauki kofi a 1985 da 1987. Leventis United, ta gidan kasuwancin Leventis, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1985, ta zama zakarar ƙasa a 1986. Kafin shekarun 1980 su ƙare masu su sun janye hannu, ƙungiyoyin biyu suka watse suna kan ganiyarsu. Aljihu ɗaya aljihu ɗaya ne, ko na hukuma ne ko na alhaji.

Mu duba gidanmu

Babu ƙungiyar jirgin ƙasa a gasarmu, don ba mu da jirgin. Burkina tana da Rail Club du Kadiogo, Senegal tana da US Rail ta Thiès, mu kuwa layin Abijan da aka raɗa wa sunan Neja ya kai Wagadugu a 1954 bai ƙaraso mu ba, na Kwatano ya tsaya Faraku tun shekarun 1930, na Yamai zuwa Doso da aka yi bikinsa a 2016 bai yi dakon kayan kasuwa ba. Amma tsarin Reluwe muna da shi, har mun fi masu shi riƙo da shi. A duba zakarun ƙasarmu daga 2013 zuwa 2023: ƙungiyar ƴan duwan a 2013 da 2015, ta gardi AS GNN a 2014 da 2023, ta soja AS FAN a 2016 da 2017, ta kamfanin mai SONIDEP a 2018 da 2019, ta jandarma a 2021, ta kamfanin wuta NIGELEC a 2022. Shekara goma cur, ba ƙungiyar unguwa ko ta gari ko ɗaya. Sahel, wadda ta fi kowa yawan ɗauka, ta yi na ƙarshenta a wancan zango tun 2009. Can baya kuwa, Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakara a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, kuma dattawan garuruwan biyu ba su manta da waɗannan shekaru ba.

Ban zo cin mutuncin waɗannan ƙungiyoyi ba. A ƙasar da kuɗin ƙofa ba ya sayen ko ƙwallaye, su ne suke ba yaro albashi, wani ma su ba shi aikin da zai riƙe shi bayan ƙafa ta gaji. AS FAN ta kai zagayen rukuni na kofin Confédération a 2010, ƙungiyar jandarma ta kai a kakar 2021 zuwa 2022, suka fitar da mu kunya. Duk wanda ya ce a rushe su maƙiyin ƴan wasa ne. Amma wannan alheri shi ne daidai alherin da hukumar jirgin Najeriya ta yi wa su Okere da Anieke, kuma mun ga inda ya ƙare.

Ma'aikacin gwamnatin Nijar ya fi kowa sanin cewa ma'aikata ba ta da alkawari. Ina SONARA, uwar gyaɗa? Ina bankin BDRN? Ina Air Afrique, wadda ta karye a 2002? Iyayenmu da suka yi aiki a shekarun 1990 sun ga watanni suna wucewa ba albashi, sun ga darajar sefa ta rabe biyu dare ɗaya a Janairun 1994. A irin wannan rana, in darakta ya ɗauki jan alƙalami yana neman abin da zai soke a kasafi, layin ƙwallo ne farkon abin da idonsa zai faɗa a kai. Ko ba a kai ga haka ba, sauyin darakta ɗaya ya isa: wannan yana son ƙwallo, mai gadonsa yana son kokowa.

Kafin jirgi ya iso

A watan Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kwangilar da aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dalar Amurka miliyar 2. Ranar da jirgi ya yi kuka a Maraɗi, za a samu tasha, ma'ajiyar kaya, kamfanonin dako da ma'aikata masu albashi. Ina da yaƙinin ba za a daɗe ba wani zai kawo shawarar a kafa ƙungiyar ƙwallo ta tashar jirgi, a ɗebo yaran gari a rubuta su a takardar albashi. Shawarar za ta yi daɗin ji. Ni dai ina cewa a karɓi kuɗin kamfani, a hana shi makulli.

Ga abin da nake nufi. Na farko, ƙungiyar gari, ko Ɗan Kasawa ce ko Jangorzo ko Espoir ko wata a Tawa da Ƙonni, ta zama ta masu kati. Mutum 5,000 in kowa ya ba da jika ɗaya a wata, sefa miliyan 5 ke nan a wata, miliyan 60 a shekara. Garin da ke cika filin kokowa tun hantsi ba zai rasa mutum 5,000 ba. Na biyu, a yi babban taro kowace shekara, a karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa, a liƙa shi a ƙofar filin wasa, don Bahaushe ba ya zuba kuɗi a rijiyar da ba ya ganin ƙasanta. Na uku, kamfani ko alhaji ya sayi wurin sa suna a riga na shekara biyu ko uku, a rubuce, kuma a nemi masu tallafi da yawa yadda janyewar ɗaya ba za ta kashe wuta ba. Na huɗu, filin atisaye da takardarsa su kasance da sunan ƙungiya. Na biyar, ɗan wasa ya samu kwantiragin ƙwallo na gaskiya, tare da sana'ar hannu ko karatu, maimakon a ɓoye shi a wani biro yana karɓar albashin aikin da bai iya ba.

Alhazan Maraɗi da na Damagaram sun gina masallatai da makarantu, sun haƙa rijiyoyi, sun san yadda ake haɗa jari a sayo kaya daga Kwatano da Dubai. Ma'aikatanmu sun san rubuta doka da riƙe littafin kuɗi, sun kuma san adashi. Abin da ya rage shi ne su zauna tabarma ɗaya. Ƙungiyoyin soja da na duwan su ci gaba da wasansu, amma su tarar da abokan karawa da gari ya tsaya musu, yadda ranar da wata ma'aikata ta gaza, gasar ƙasa ba za ta gaza tare da ita ba.

Reluwe ta Legas ta yi shekara kusan 20 tana mulkin ƙwallon Najeriya, ta ba ƙasar tawagarta ta farko, sa'an nan ta bi taragun ubangidanta zuwa cikin ciyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Katin zama ɗan ƙungiya kuwa ba ya jiran jirgi, ana iya buga shi gobe a kowace maɗaba'a ta Maraɗi. Allah ya ba mu ikon gyarawa.